Ka karanta takardar makaranta kafin ka sa hannu

Tun da na zo hutu Kaduna, zauren gidanmu a Tudun Wada bai rabu da baƙi ba, masu shirin tafiya Italiya karatu da matan da za su bi mazajensu. Kowa izinin zama yake tambaya. Wannan ba wuya. Cikin kwanakin aiki 8 da saukarka ka je gidan waya ka karɓi fom, ka cika, a ba ka ranar zuwa ofishin 'yan sanda don ɗaukar zanen yatsu. Naman halal kuma akwai mahauta 'yan Maroko. Mu wuce nan.

Takardar da ta kunyata ni daga makarantar 'yata ta fito. Shekararmu ta farko a birnin Firenze na Italiya ta kawo min wata takarda da Italiyanci, ta ce yawon buɗe ido za a kai su. Ina cin tuwo na sa hannu. Ranar da suka dawo sai ga ta da katin hoto: mutum-mutumin farin dutse, namiji tsirara haihuwar uwarsa. Mikelanjelo ne ya sassaƙa shi, ya gama a 1504, tsayinsa ya haura mita 5. Da na ji wai Annabi Dawuda, alaihis salam, suke nufi da shi, idona ya rufe. Washegari na dira makarantar, na ɗaga murya a gaban iyaye da guntun Italiyancina, har na ce da gangan ake lalata 'ya'yan Musulmi. Malamar ba ta tanka ba. Ta jawo aljihun tebur ta miƙo min takardar. Ga sunan gidan tarihin, ga gurbin da uba zai nuna bai yarda ba, ga sa hannuna ɓaro-ɓaro a ƙasa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yarinyar ta yi mako tana kuka kafin ta tafi aji.

Daga baya na gane su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba. A 1565 an sa wani mai zane, Daniele da Volterra, ya lulluɓe tsiraicin zanen Ranar Hisabi da ke majami'ar Sistina a fadar Fafaroma, har aka laƙaba masa suna mai ɗinka wando. A 2023 wata shugabar makaranta a Filorida ta Amurka ta rasa kujerarta bayan an nuna wa ɗalibai hoton wannan mutum-mutumi ba a sanar da iyaye ba. Da aka rufe gumakan wani gidan tarihi a Roma da akwatuna a 2016 saboda ziyarar shugaban Iran na lokacin, Hassan Rouhani, 'yan Italiya ne suka yi ta kumfar baki, suna cewa an zubar musu da mutunci.

Ra'ayina bai sauya ba, 'ya'yana ba sa zuwa irin wannan yawo. Yanzu dai a takarda nake faɗa, cikin mutunci. Haka darasin addinin Katolika, ba dole ba ne, tun wajen rajista ake tambayarka. Na kan titi kuwa ba yadda za ka yi, don kwafin wancan mutum-mutumin yana tsaye a dandalin tsakiyar gari. Ka koya wa yaro runtse ido kawai. (Mu da yawancinmu ba mu taɓa leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu mun ga tsoffin mutum-mutumin yumɓu na Nok ba, dole abin ya zo mana baƙo.)

Alhamdulillahi, jama'armu a can ba ta barin mutum shi kaɗai. Muna da masu Italiyanci kamar a can aka haife su, ko da tsakar dare ka turo takarda za a fassara maka. Amma don Allah a daina abin da wani sabon zuwa ya yi bara. Ya turo rabin shafi daga littafin ɗansa a zaurenmu na WhatsApp, ya ce an fara koya wa yara batsa. Kafin la'asar hoton ya iso Unguwar Sarki, surukarsa tana kira a dawo mata da jikanta. Da wata Hajiyarmu ta nemi cikakken shafin, darasin tarihi ne kan wasannin tsere na Girkawan da, waɗanda ake zana 'yan wasansu tsirara.