Yadda Ake Fara Atisayen Gajeren Tsere da Tsalle

Matashin da ya ƙudiri niyyar shiga wasannin guje-guje da tsalle-tsalle yakan fara ne da zagaye fili har sai numfashinsa ya sarƙe, yana ganin cewa yawan gajiya shi ne alamar ci gaba. A gajeren tsere, wato mita 100 da 200 da 400, wannan tunani yana mayar da mutum baya, domin saurin gudu ba ya ƙaruwa sai an yi shi da jiki mai hutu. Jikin da ya gaji ba ya iya kaiwa ƙarshen saurinsa, kuma abin da aka yawaita yi shi ne jijiyoyi suke sabawa da shi, saboda haka wanda yake yin gudunsa a gajiye yana koya wa kansa tafiyar hawainiya ne ba tare da ya sani ba.

Ba a buƙatar kayan tsada kafin a fara. Wanda yake kusa da filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna, ko na Sani Abacha a Kano, ko na Seyni Kountché a Yamai, zai iya neman izinin amfani da hanyar tsere, wadda zagayenta ɗaya yake mita 400. Wanda ba shi da wannan dama, filin ƙwallon makaranta mai ciyawa ko ƙasa mai laushi ya wadatar, muddin an bi shi da ido an cire duwatsu da kwalabe, an kuma lura da ramuka. A guji kwalta da siminti, domin suna cutar da ƙwauri da gwiwa. Takalmin gudu mai laushin ƙasa ya isa a watannin farko. Takalmi mai ƙusoshi yana ɗora nauyi mai yawa a kan sharaɓa da agara, don haka a jinkirta sayensa har sai ƙafa ta yi ƙwari.

Kowane atisaye yana farawa da ɗumama jiki na kimanin minti 15 zuwa 20: sassarfa kaɗan, sannan jujjuya ƙafa gaba da baya, tafiya ana ɗaga gwiwa, da gudu uku ko huɗu da ake ƙara musu sauri a hankali. Tsokar bayan cinya ita ce wadda ta fi yagewa a wannan wasa, kuma ta fi yin haka idan aka zabura da gudu jiki yana sanyi, musamman da sanyin safiyar hunturu.

Abu na farko da ya kamata a koya shi ne tashi, wato mita 10 zuwa 30 na farko. A nan jiki yana karkata gaba gaba ɗayansa, daga kai har diddige a miƙe, ba a lanƙwashe a ƙugu ba, ƙafa kuma tana tura ƙasa baya da ƙarfi kamar mai tura motar da ta mutu. Takun farko gajeru ne, suna ƙara tsawo da kansu, jiki kuma yana miƙewa sannu a hankali. Kuskuren da aka fi gani shi ne ɗaga kai da miƙewa tsaye tun a taku na biyu don a hango layin ƙarshe. Hanya mai sauƙi ta gane madaidaicin karkata ita ce a tsaya ƙafafu a haɗe, a bar jiki ya faɗo gaba har sai an ji za a kife, sannan a zabura. Gudu a kan tudu marar tsananin hawa shi ma yana tilasta wa jiki wannan siffa. Mai koyo ya yi gudun mita 20 sau shida ko takwas da dukkan ƙarfinsa, ya huta minti biyu tsakanin kowane gudu, domin ƙa'idar da masu horarwa suke bi ita ce hutun minti ɗaya a kan kowace mita 10 da aka gudu da cikakken sauri. Wannan hutu yana da wuyar jurewa ga matashi mai ɗoki, wanda zai ji kamar ɓata lokaci yake yi, amma shi ne ainihin abin da yake bambanta atisayen sauri da na juriya.

Bayan makonni kaɗan sai a shiga cikakken gudu. A yi alama biyu a ƙasa, tsakaninsu mita 10 ko 20, a taho daga nisan mita 20 ana ƙara sauri, a ratsa tsakanin alamomin da iyakar gudu. Jiki a nan yana tsaye sosai, ƙugu a sama, gwiwa tana tasowa gaba, ƙafa kuma tana sauka a ƙarƙashin jiki da gaban tafinta, ba can gaba da diddige ba, domin saukar diddige a gaba birki ne. Hannu yana kaiwa da komowa daga kafaɗa, fuska da wuya a sake. Duk wanda ya kalli gudun da Usain Bolt, ɗan tseren Jamaika, ya yi a birnin Balin na Jamus a 2009, inda ya kammala mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, zai ga kumatunsa suna rawa saboda sakewar fuska, kuma wannan sakewa abu ne da ake koya, ba baiwa ce kawai ba.

Tsalle a kan gudu ake gina shi. Ƙafar mai tsere takan taɓa ƙasa na kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, saboda haka dole ne agara da sharaɓa su koyi karɓar nauyi su mayar da shi nan take. A fara da ƙananan tsalle: tsallen igiya, tsalle a wuri ɗaya da ƙafa biyu gwiwa ba ta lanƙwashe sosai ba, da tsalle daga tsaye zuwa cikin rairayi. A ƙidaya saukar ƙafa, kada ta wuce 60 zuwa 80 a rana guda a farko, kuma a saurari ƙarar sauka, domin sauka mai nauyi tana nuna cewa gaɓoɓi ne suke shan dukan maimakon tsoka. Dira daga kan akwati mai tsawo da tsalle da ƙafa ɗaya su jira sai bayan watanni, lokacin da tsuguno da tashi da sauran atisayen ƙarfi suka zauna a jiki.

A dogon tsalle, yawancin aikin yana cikin gudun tahowa. Chioma Ajunwa, wadda ta ci wa Najeriya zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996 da tsallen mita 7.12, gwanar tseren mita 100 ce, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Mai koyo ya fara da taku 8 zuwa 12. Domin gano wurin farawa, sai ya sa diddigensa a kan allon tashi, wato katakon da ake takawa a yi tsalle, ya gudu zuwa baya yana barin ramin rairayi, abokinsa ya yi alama inda takun ƙarshe ya sauka; a maimaita sau da yawa a ɗauki matsakaici, a auna shi da igiyar awo a rubuta. Faɗin allon santimita 20 ne kacal, kuma wanda ya ƙetare layinsa ko da da ɗan yatsa tsallensa ya lalace. Kada a kalli allon a takun ƙarshe, domin sunkuyar da kai yana rage sauri. A wajen sauka a miƙa ƙafafu gaba, a bar jiki ya wuce gaba ko gefe, saboda ana auna tsalle ne daga alamar da ta fi kusa da allo, ko da hannu ne ya bar ta a baya. Tsallen sama kuwa, wanda ake ƙetare sanda da baya, ba a gwada shi sai da katifar sauka ta musamman da mai horarwa a kusa.

Kwana biyu ko uku a mako sun isa ga gudu mai ƙarfi da tsalle, tare da barin aƙalla sa'a 48 tsakaninsu. A lokacin bazara a zaɓi sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa kafin ƙishi ya kama, a watan azumi kuma a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki. Idan aka ji suka kamar ta allura a tsokar bayan cinya, ko ƙwauri yana ciwo a wuri guda idan aka danna shi, a dakata nan take a nemi likita. Duk bayan makonni huɗu zuwa shida a auna lokacin gudun mita 30 da nisan tsalle daga tsaye, a fili ɗaya da takalmi ɗaya, a rubuta sakamakon a littafi domin a san ko a ƙara nauyin atisaye ko a rage.