Sayar da mota a Birtaniya: ga kamfanin intanet ko ga mai saye kai tsaye?

Mafi yawan 'yan'uwanmu da suke zuwa Birtaniya sukan fara tambayar yadda ake sayen mota tun a makonnin farko, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi yadda ake rabuwa da ita, alhali ranar rabuwar takan zo da wuri fiye da yadda aka zata. Wanda ya zo da lasisin tuƙi na Najeriya ko Nijar ko Gana, doka ta ba shi damar tuƙi da shi na wata 12 kacal daga lokacin da ya zama mazaunin ƙasar, kuma ba a musanya masa shi da na Birtaniya, sai ya ci jarrabawar ƙa'idojin hanya da ta kan titi. Idan shekara ta cika bai ci ba, motar ta zama kayan ajiya a ƙofar gida, tana cin kuɗin inshora da haraji ba tare da ta kai shi ko'ina ba. Haka nan ɗalibin da ya gama karatu bizarsa ta kusa ƙarewa, da wanda aiki ya mayar da shi Landan, inda tun ranar 29 ga Agusta 2023 tsarin ULEZ na rage hayaƙin motoci ya game dukan unguwannin birnin, har ya zama ana biyan fam 12.50 duk ranar da aka fita da motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba. Dukan waɗannan mutane ne da suke sayarwa lokaci yana korarsu, kuma yawan kwanakin da suka rage wa mutum shi ne abu na farko da ya kamata ya duba kafin ya zaɓi hanya.

A gida, mutum yakan miƙa wa dillali makulli, ya je ya nemo mai saye, a yi ciniki, a ba shi la'adarsa. A nan kamfanonin intanet ne suka tsaya a gurbin dillalin, kuma iri biyu ne. Na farko su ne masu saye da kansu, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne webuyanycar, da ya fara aiki a 2006. Za ka rubuta lambar motar da yawan mil ɗin da ta ci a shafinsu, nan take su nuna maka farashi, sannan ka zaɓi ranar da za ka kai ta reshensu mafi kusa. Abin da sabon zuwa yakan kasa fahimta shi ne wannan farashin ba sallamawa ba ne. An gina shi ne a kan zaton cewa motar ba ta da lahani, tana da makullai biyu da cikakken tarihin gyara, saboda haka idan ma'aikacinsu ya zagaya ta ya ga ƙarzuwa a ƙofa, ko lotsawa a bamba, ko yagewa a kujera, zai rage kuɗin daidai da abin da ya gani. Bayan haka akwai kuɗin hidima da ake cirewa gwargwadon darajar motar, kuma wanda yake son kuɗinsa su shiga asusu da gaggawa yakan biya wani ƙari. Ba dole ba ne ka karɓi tayin ƙarshe. Kana da ikon ka ce albarka, ka koma da motarka gida.

Iri na biyu su ne irin su Motorway da Carwow, waɗanda ba sa sayen motar da kansu. Kai za ka ɗauki hotunanta da wayarka, ka bayyana halin da take ciki, su kuma su sa ta a gwanjo a tsakanin dillalan motoci masu rajista da su, wanda ya fi tayawa ya turo a ɗauke ta daga gidanka. Saboda gasar da ke tsakanin dillalan, wannan hanya takan fi kyau ga motar da ba ta tsufa sosai ba. Sai dai a nan ma, wanda ya zo ɗauka zai gwada abin da ka rubuta da abin da idonsa ya gani, kuma duk lahanin da ka ɓoye a hoto shi zai zama hujjar neman ragi a ƙofar gidanka.

Ni ban ɗauki ƙarancin farashin waɗannan kamfanoni a matsayin zalunci ba. Farashin sari ne, domin motar za ta sake shiga kasuwa, kuma kowane hannu da ta bi yana neman ribarsa. Kamfanin webuyanycar ma rukuni ɗaya yake da BCA, babban kamfanin gwanjon motoci na ƙasar. Abin da aka rage maka shi ne kuɗin saurin da ka samu da kuma kwanciyar hankalin cewa babu wanda zai dawo maka bayan mako biyu yana cewa injin ya fara ƙara. Don haka shawarata ita ce, ko da ka yi niyyar sayarwa da kanka, ka fara karɓar tayin kamfani biyu ko uku, tun da kyauta ne, domin ka san ƙasan farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba.

Sayarwa kai tsaye ta Auto Trader ko Facebook Marketplace ko Gumtree takan kawo kuɗi fiye da haka, musamman ga ƙananan tsofaffin motoci masu lafiya irin waɗanda 'yan'uwanmu suka fi saye, domin dillalai ba sa ɗokinsu amma ɗalibai da sababbin direbobi suna nemansu. Amma aiki ne sosai: wanki, ɗaukar hoto, amsa saƙonni, jure wa masu tayin raini tun ba su ga motar ba, da zaman jiran wanda ya yi alƙawarin zuwa bai zo ba. Ya kamata kuma ka sani cewa mai saye zai iya shiga shafin gwamnati da lambar motarka kawai ya ga tarihin gwajin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta, da mil ɗin da aka rubuta a kowace shekara, da kowane gargaɗi da makaniki ya yi. Babu amfani a ɓoye abin da yake a rubuce. Doka ba ta ɗora wa mai sayar da motarsa ta kansa nauyi irin na dillali ba, amma ta wajabta motar ta dace da yadda aka siffanta ta, kuma laifi ne a sayar wa mutum motar da ba ta cancanci hawa titi ba don ya hau da ita. Idan ta taɓa yin haɗarin da kamfanin inshora ya sa ta a rukunin S ko N, wato motocin da ya ga gyaransu bai biya ba amma ana iya gyara su su koma titi, ka faɗa tun a talla. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, tun da mun taso da sanin cewa bayyana aibin kaya wajibi ne a ciniki.

Abu biyu ne suka fi jefa sabon zuwa cikin matsala a wannan hanya. Na ɗaya shi ne gwajin tuƙi. A Birtaniya inshora tana bin direba ne tare da motar, saboda haka wanda ya zo gwadawa ba ya shiga ƙarƙashin inshorarka don kawai ka ba shi makulli. Idan aka kama shi yana tuƙi ba inshora, kai ma da ka ba shi izini ka yi laifi, kuma hukuncin yakan kai makin laifi 6 a kan lasisi, wanda ga mutumin da bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba ya isa a soke lasisin gaba ɗaya. Ka nemi ganin lasisinsa da shaidar inshora, ko ya sayi ta 'yan sa'o'i, ko kuwa kai ka tuƙa yana zaune a gefe. Na biyu shi ne biyan kuɗi. Kada ka saki makulli da takardu don an nuna maka hoton tura kuɗi a waya. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga sun shiga. Idan tsabar kuɗi ne masu yawa, ku je banki tare a ƙirga a zuba. Akwai kuma masu zuwa su biyu ko uku, ɗaya ya ɗauke hankalinka da tambaya, ɗayan ya zuba mai a tankin ruwan sanyaya inji, sannan su nuna maka suna cewa injin ya lalace don ka sallama da araha. Kada ka bar kowa shi kaɗai da buɗaɗɗen bonet, kuma ka nemi wani ɗan'uwa ya tsaya tare da kai.

Idan da bashi ka sayi motar, a tsarin PCP ko HP na biya wata-wata, to ba taka ba ce tukuna, ta kamfanin da ya ba da bashin ce har sai ka gama biya, kuma sayar da ita haka nan laifi ne. Ka nemi kamfanin ya ba ka adadin da ya rage a rubuce. A irin wannan hali kamfanonin intanet sun fi sauƙi, domin sukan biya bashin kai tsaye su ba ka abin da ya saura.

Wurin da na fi so a tsaya a yi tunani shi ne cinikin da muke yi a tsakaninmu, wanda ake ƙullawa a harabar masallaci bayan sallar Juma'a ko a zauren WhatsApp na 'yan gari. Ciniki ne mai daɗi, kuma sau da yawa shi ya fi amfanar kowa, domin sabon zuwa ya sami motar da ya san tarihinta, mai sayarwa kuma ya huta da baƙin fuska. Amma kunya takan hana mu yin abin da za mu yi da baƙo ba tare da jinkiri ba. Ɗan'uwa zai ce, "Yaya, ka bar takardun da sunanka har in gama biya," kai kuma nauyin baki ya hana ka cewa a'a. Ka sani cewa muddin sunanka ne a rajistar DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, a matsayin mai riƙe da motar, duk tarar gudun wuce ƙa'ida da kyamara ta ɗauka, da ta ajiye mota ba daidai ba, da ta shiga yankin da ake biya, adireshinka za su zo. Idan ka koma wani gida ko ka tafi ƙasarku ba ka ga wasiƙun ba, tarar tana ƙaruwa har ta kai ga kotu ko masu karɓar bashi. Na ga zumuncin shekaru ya yi tsami a kan irin wannan, alhali babu wanda ya yi niyyar cutar wani. Idan za ka yi wa ɗan'uwa sauƙin biya, ka yi, amma ku rubuta yarjejeniyar bashin a takarda daban, da shaidu, sunan motar kuma ya koma kansa a ranar da ya karɓi makulli.

Canja sunan ba shi da wahala. Da lamba mai alƙaluma 11 da ke jikin V5C, wato takardar rajistar motar, za ka sanar da DVLA ta shafin gwamnati cikin 'yan mintoci, ka yage koren ɓangaren takardar ka ba mai saye, sannan ku sa hannu a rasit biyu masu ɗauke da rana da lokaci da farashi da yawan mil. Rashin sanarwa yana iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Ko ga kamfani ka sayar, ka tabbatar saƙon shaidar cewa motar ta fita daga sunanka ya iso gare ka. Kada kuma ka sa hoton V5C a talla, domin da lambarta ake damfara. Wanda yake kan bizar karatu ya lura cewa sayar da motarsa ta hawa ba matsala ba ce, amma saye da sayarwa a kai a kai don riba kasuwanci ne, kuma bizar ɗalibi ta hana shi.

Tun Oktoba 2014 harajin mota ba ya bin ta zuwa hannun sabon mai ita. Shi zai biya nasa kafin ya tuƙa, kai kuma a mayar maka da kuɗin cikakkun watannin da suka rage. Ana aiko da su ne a cak, zuwa suna da adireshin da ke kan V5C, kuma yakan ɗauki makonni. Saboda haka wanda zai koma gida ya gyara adireshinsa tun kafin ya sa motar a kasuwa, kada ya yi saurin rufe asusun bankinsa, kuma idan ya kira kamfanin inshora don soke ta, ya nemi su ba shi takardar shaidar shekarun da ya yi bai nemi diyya ba, domin yawancin kamfanoni suna karɓarta har tsawon shekara biyu idan ya dawo ya sayi wata motar.