Yadda ake saita giyar bayan keken hawan dutse ba tare da an lalata ta ba

Duk wanda ya sayi keke mai giya ɗan Kwatano, ba ya daɗewa sai ya zo da ƙorafi iri ɗaya: sarƙa tana ta kacau-kacau, ko ta ƙi hawa farantin haƙoran baya da ke biye, ko kuma ana tsakiyar hawan tudu ta yi tsalle da kanta. Abin da kusan kowa yake fara yi kuwa shi ne ya ɗauko sukuddireba ya nufi ƙananan sukurorin nan biyu masu alamar H da L a jikin giyar. Ɗan'uwa, ajiye sukuddirebar tukuna, ba nan gizo ke saƙar ba. Sukurorin nan iyaka kawai suke tsarewa. H tana hana sarƙa faɗawa waje bayan ƙaramin faranti, L tana hana ta faɗawa cikin wayoyin taya bayan babban faranti. Duk abin da ke faruwa a tsakani aikin kebur ne, wato wayar da ke haɗa libar hannu da giyar.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki mai lamba 5, sukuddireba mai baki huɗu, filaya, tsumma, kananzir, tsohon buroshin haƙori da igiya. Ka rataye keken ta sirdi a reshen darbejiya ko mangwaro yadda tayar baya za ta bar ƙasa. Kada ka kifa shi. Libobin hannu za su goge, sannan komai za ka riƙa gani a juye, dama ta koma hagu.

Kafin komai, ƙirga farantan baya, sannan ka ƙirga sau nawa libar hannu take yin ƙas. Faranti 8 yana buƙatar ƙas 7, faranti 7 kuma ƙas 6. Kekunan Kwatano da yawa haɗe-haɗe ne, an ciro liba daga wannan, giya daga wancan. Idan lissafin bai zo daidai ba, ko liba ta SRAM ce irin ta jerin X alhali giyar Shimano ce, to ba saitin da zai yi, domin tsawon kebur ɗin da kowanne kamfani ke ja a ƙas ɗaya ya bambanta. Sai an sauya ɗaya.

Yanzu wanke. Kananzir da buroshi a kan sarƙa, farantai da ƙananan tayoyin nan biyu na jikin giyar, ka kankare daskararren dattin da ke manne da su. Ban yarda da baƙin mai a sarƙa ba ko kaɗan. Na san kyauta ake samunsa wajen masu gyaran babur, amma idan ya haɗu da ƙurar hunturu sanfefa yake zama, ya cinye haƙora. Bayan an wanke sai a auna sarƙar da rula ta ƙarfe, ba tef ɗin tela ba, shi kansa yana miƙewa. A sabuwar sarƙa, idan ka ɗora farkon rula a tsakiyar ƙusa ɗaya, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta wuce da kamar milimita 1.5, sayi sabuwar sarƙa. Idan ta wuce da milimita 3, farantan ma sun tafi, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa zamewa a kansu duk sanda ka taka da ƙarfi. Sarƙar faranti 6, 7 da 8 faɗinta ɗaya, ita ce mai sauƙin samu da araha. Ta 9 zuwa sama ta fi siranta, kada a sayar maka da wannan a madadin waccan.

Maratayin giya

Nan ne nake so ka tsaya sosai. A kekuna da yawa giyar baya ba a jikin firam take kai tsaye ba, akwai ɗan guntun ƙarfe tsakaninsu, galibi na alminiyam, wanda take rataye a jiki. Da gangan aka yi shi da taushi don idan keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, firam ya tsira. Keken da aka jibge wasu a kansa cikin kwantena, ko aka cusa a but ɗin mota, ko ya faɗi ta gefen dama a kan dutse, da wuya maratayinsa ya kasance a miƙe. Lanƙwasar da ido ba zai kula da ita ba ta isa ta hana giya zama. Alamarta ita ce ka saita ƙananan farantai su yi kyau, manya su lalace. Ka gyara manya, ƙanana su lalace.

Durƙusa a bayan keken ka kalli giyar. Ƙananan tayoyin biyu su kasance ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, a layi guda da farantin da sarƙa ke kai, kamar an saki igiyar magina. Idan ta ƙasan ta karkata wajen taya, maratayi ya lanƙwashe. Kwance giyar da alanki, ka bar taya a ɗaure a wurinta, ka kama maratayin da sifana mai buɗewa ka matse bakinta sosai, ka jawo shi a hankali, kaɗan-kaɗan, kana dubawa. Kada ka taɓa kama jikin giyar ka ja da hannu kamar yadda na ga ana yi a bakin titi. Ita za ka lanƙwasa, matsala ta zama biyu.

Akwai wata dabara idan kana da wata tayar baya a ajiye. Ramin maratayi zarensa na milimita 10 ne, kuma sandar tsakiyar tayar baya ta kekuna da yawa irin zaren ke nan. Murza sandar cikin ramin da yatsu. Idan ta ƙi shiga cikin sauƙi, bar ta, zaren ba ɗaya ba ne. Idan ta shiga, kana da tayoyi biyu gefe da gefe, sai ka auna tazarar da ke tsakaninsu a sama, a ƙasa, a gaba da baya, ka riƙa gyarawa har ta zo ɗaya. Alminiyam sau ɗaya ko biyu yake jure miƙewa. Da ka ga farin layi ko tsaga, nemi sabo, kuma ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu, domin kusan kowane firam da irin nasa.

Kebur da sukurun H

Mayar da giyar. Danna liba har sarƙa ta sauko ƙaramin faranti, sannan ka kwance notin da ya riƙe kebur. Ja kebur ɗin da hannu kana danna liba: in yana tafiya da ƙyar, ko ya yi tsatsa, ko ya fara warwarewa, sauya shi tare da rigarsa. Rigar kebur ɗin giya daban take da ta birki. Ta birki wayarta a nannaɗe take, tana matsewa idan an ja, giya ba za ta zauna ba. Ta giya kuma kada ka kuskura ka sa wa birki, fashewa take yi.

Da kebur a sake, juya feda ka duba daga baya. Ƙaramar tayar sama ta tsaya daidai ƙarƙashin ƙaramin faranti. Ɗaure H yana tura giyar ciki, kwancewa yana sakinta waje. Da ta daidaita kuma ƙara ta ɗauke, ka gama da H.

Inda kebur ke shiga giya, ko a jikin libar hannu, akwai ɗan majuyi da ake murzawa da yatsu. Ɗaure shi har ƙarshe, ka dawo da shi zagaye biyu. Ja kebur da filaya ya miƙe kawai, ba da ƙarfi ba, ka tabbata ya kwanta cikin ɗan kwarin da aka yi masa ƙarƙashin noti, ka ɗaure. Juya feda, danna ƙas ɗaya. Sarƙa ta hau faranti na biyu. Idan ta ƙi ko ta yi jinkiri, kwance majuyin rabin zagaye. Mutane suna rikicewa a nan saboda kwance shi ne ke ƙara wa kebur tauri. Idan ta hau amma tana gogar na uku, ko tana jinkirin saukowa, ɗaure shi kaɗan. Bi farantan ɗaya bayan ɗaya, hawa da sauka, amma ka tsaya kafin babban. Jinkiri a hawa da sauka duka biyun yana nufin kebur na da datti ko maratayi bai miƙe ba, koma baya. Wasu tsofaffin giyoyin Shimano da ake kira Rapid Rise a juye suke aiki, in an saki kebur babban faranti suke komawa. A irinsu ka juya duk bayanin majuyin nan.

Sukurun L

Wannan sukurun ya taɓa jawo mini asarar da har yau nake jin zafinta. Sarƙata ta ƙi hawa babban faranti, na kwance L zagaye biyu, bai yi ba, daga baya na gane kebur ne ya saki, na ƙara masa tauri, komai ya yi daidai. Ban mayar da L ba. Bayan kwanaki keken ya faɗi ta dama, ban duba maratayi ba. A wani hawa mai duwatsu wajen Shere a bayan Jos, na danna liba zuwa babban faranti ina tsaye a kan feda, giyar ta wuce ta shiga cikin wayoyin taya. Taya ta naɗe ta ta karya. Giya, maratayi, sarƙa da wayoyi huɗu suka tafi lokaci guda, garin neman gira na rasa ido, kuma a kafaɗa na sauko da keken.

Don haka ka yi shi ta hanyar da ba ta da haɗari. Fara ɗaure L har sarƙa ta kasa hawa babban faranti. Sannan ka riƙa kwancewa kwata-kwatan zagaye, kana gwadawa, har ta hau ba gardama kuma ba ƙara. Tsaya nan, kada ka ƙara ko kaɗan. Yanzu gwajin da ba na tsallakewa: kana juya feda a hankali, sa babban yatsa ka tura jikin giyar wajen taya da ƙarfi. In sarƙa ta iya haurawa bayan farantin, ko giyar ta taɓa waya, L ta yi sako. Farantin robar nan da ke tsakanin haƙora da wayoyin taya, wanda samari ke fasawa wai ba ya kyau, bar shi a wurinsa.

Sauran ba wuya. Sukuru na uku da ke bayan giyar, wanda ake kira B, shi ke nisanta ƙaramar tayar sama daga babban faranti. A giyoyin Shimano irin su Tourney, Altus da Acera tazarar milimita 5 zuwa 6 ta isa. Ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowace gaɓar sarƙa, ka goge na waje da tsumma har ta kusa bushewa. Sauke keken ka gwada shi a ɗan tudu, domin giyar da ta yi kyau a rataye takan nuna wani hali idan nauyi ya hau. Ka sauya giya kafin tudu ya yi tsanani, kana sassauta ƙafa a daidai lokacin da ka danna. Sabon kebur zai ɗan saki bayan fita biyu ko uku, rabin zagayen majuyi ya wadatar, ba ruwanka da H da L. Idan kuma kun tsaya shan ruwa a hanya ba abin jingina, kwantar da keken ta gefen hagu, giya tana kallon sama.