Zawo da amai a damina: abin da za ki fara yi tun a gida kafin a kai lopital

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman iyaye mata. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti nan gefen Marwa a arewacin Kamaru, kuma duk shekara da zarar damina ta zauna, mayo Kaliyao ya kawo ruwa, mun san abin da ke tafe, yara da zawo, manya da amai da gudawa, wani a kawo shi a moto an sa shi tsakiya ana riƙe da shi kamar buhun gero. Wanda ya ga 2010 a nan yankinmu ba sai an ba shi labarin kwalara ba, ɗaruruwan mutane ta kwashe, ku tambayi mutanen Mokolo. Ga ambaliyar 2024 a Yagwa da Kuseri, in ruwa ya yi irin wannan cika to rijiya da masai sun zama ɗaya.

Abin da ke kashe mai zawo, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa. Shi ke nan. Kwalara kan iya tsotse babban mutum cikin 'yan awoyi, amma in an mayar masa da ruwan da wuri, cikin mutum 100 ko 1 ba ya mutuwa. Kuma mayar da ruwan nan a hannunki yake farawa, tun kafin a je neman mai moto.

Na farko, fakitin nan na SRO, wanda muke ce wa ruwan gishiri da sukari. Akwai shi a famasi da kowane ƙaramin asibiti kuma ba shi da tsada. Fakiti 1 a lita 1 na ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce ko aka sa wa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwan sha, aka jira minti 30. A nan ne fa ake yawan kuskure, don kusan kowa babbar kwalbar ruwan sha na Tangui yake ɗauka ya cika ta, alhali ita lita 1 da rabi ce. Ki nemi ƙaramar kwalba ta rabin lita ki auna sau 2, ki zuba a babbar, sai ki ɗaura zare ko ki ja layi a daidai inda ruwan ya tsaya, gobe ba sai kin sake awo ba. Kada ki raba fakiti biyu wai kina tattali, kada kuma ki ƙara sukari don yaro ya ji daɗi.

In dare ne ko kuna ƙauye babu fakiti, ki haɗa da kanki: lita 1 na ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shafe cokalin, ban da tozo. In sukarin ƙwaya gare ki, ki daka shi tukun ki auna da cokali. Ki ɗanɗana kafin ki ba shi, gishirinsa kada ya wuce na hawaye, in kin ji ya yi kamar miya ki zubar ki sake, gishiri in ya yi yawa haɗari ne ga jariri. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Yadda ake bayarwa kuma shi ne aikin haƙuri. Yaro ƙasa da shekara 2, bayan kowane zawo ki ba shi mililita 50 zuwa 100, wato kamar ƙaramin kofin shayin nan na gilashi da ake shan ataya, da cokali, kaɗan kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 10 a ninka, 100 zuwa 200. Babba ya sha iya yadda zai iya. In ya yi amai kada ki ce ai cikinsa ba ya karɓa ki ajiye kofi, ki jira minti 10 ki ci gaba, cokali ɗaya duk bayan minti 2 ko 3, don ko ya amayar wani abu yana zama a ciki. Mai shan nono a ci gaba da ba shi nono, har ma fiye da da. Wanda ya fara cin abinci a ba shi kunu, shinkafa mai laushi, ayaba, kada a hana shi ci wai ciki ya huta.

Bari in ba ku wani abu da na gani da idona. Wata rana da asuba aka kawo min yaro ɗan wata 9, kakarsa ce ta goyo shi, uwar na biye tana kuka. Idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, an shafe ta da wani haɗi baƙi ya bushe a kai. Na ce Inna tun yaushe rabonsa da ruwa? Ta ce 'yar nan ai ni na hana, in an ba shi ruwa zawon ƙaruwa yake, kuma haƙori ne yake fitarwa. Wallahi ban ga laifinta ba, haka ta taso ta gani, don ƙauna ta yi. Na kama fatar cikinsa na ja na saki, ta tsaya cak kamar an naɗe zane. Na ce Inna kin ga wannan, ruwa ne babu, maɗigar ma abin da ya lotsa ta ke nan. Sai da muka sha wuya kafin mu sami jijiya muka sa masa ƙarin ruwa, da la'asar sai ga maɗiga ta taso da kanta, tsohuwa ta zauna tana ta shafa kan tana salati. Ita ce ma ta karɓi cokali daga baya ta hana uwar.

Toh yaushe ne gida ba zai iya ba? In ido ya zurma, in fatar ciki ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, in yaro ya yi laƙwas ba ya iya sha ko kama nono, in fitsari ya ɗauke, in akwai jini a kashin, in komai aka ba shi sai ya dawo. Sannan in zawon fari ne tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, yana zuba babu ƙaƙƙautawa, ga ɗaurewar jijiyar ƙafa, wannan ki ɗauka kwalara ce har sai likita ya ce ba ita ba. A tashi a lokacin ko ƙarfe 2 na dare ne, kada a ce a bari gari ya waye ko a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Kuma ki riƙo kwalbar ruwan gishirin a hannu kina ba shi a hanya in yana iya haɗiya, da yawa a hanyar suke ƙarasa bushewa. Kar ki manta karne ɗinsa, wato littafinsa na asibiti.

In kun je ki tambayi zinki, ƙwaya ce ƙarama da ke narkewa a cokalin ruwa ko nono. Yaro da ya kai wata 6 miligiram 20 kullum, ƙasa da haka 10, na kwana 10 zuwa 14, kuma a gama shi ko zawon ya tsaya a kwana na 3, don yana kare yaron daga wani zawon a watannin gaba. Maganar kafso ja da rawaya da Flagyl na masu tallan magani a tire kuwa, dan Allah ku bari. Yawancin zawon yara ba ya buƙatarsu, maganin tsayar da zawo kuma ba a ba ƙananan yara sam. Lemon kwalba ma ba ya maye gurbin SRO, sukarinsa ya yi yawa, ƙara zawon yake.

Sauran gida kuma a kula. Ke mai jinya ki wanke hannu da sabulu bayan kin wanke wa yaro da kafin ki taɓa abinci, kuma a zuba wa juna ruwa da buta, a daina haɗa hannu goma a kwano ɗaya na wanki. Kashin mara lafiya da amansa a zuba musu javel, ruwan nan mai faranta kaya da kashe ƙwayoyin cuta, kafin a kai masai, zannuwansa a jiƙa su a ruwan javel, kada a kai su mayo inda wasu ke ɗiban ruwa. Randa a rufe, moɗa ɗaya mai mariƙi. In Allah ya yi wa wani rasuwa da kwalara, na san abin da nauyi, amma a bar ma'aikatan lafiya su taimaka wajen wanka da sutura, don gawar na ɗauke da cutar, kuma an sha kwasar ta a gidan makoki. In masu rigakafi sun zo unguwa, ta kwalara sha ake yi a baki, babu allura.

Ni dai tun watan Yuni nake sayen fakiti 4 in sa a langa a saman kwaba, kusa da kwalbata mai zare a wuya, kuma na nuna wa babbar 'yata inda suke saboda ranar da nake kwana a wurin aiki.