Babi na 6: Awon Waina Idan Baƙi Sun Ƙaru

Darasi na 1

Iyayena mata, kowa ta ɗauko gwangwanin madara, wanda ake awo da shi. Ku dubi wannan alama: ½. Ana karanta ta "ɗaya bisa biyu", wato rabi. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba gwangwanin, ta sama kuma gida nawa aka ɗiba. ¼ ɗaya bisa huɗu ne, kwata ke nan.

A ce wainar mutum 8 tana cin shinkafa gwangwani 4, yis cokali 1, sukari gwangwani ½. Sai ga baƙi 12. Mutum nawa suka ƙaru? Huɗu. Huɗu kuwa rabin takwas ne. To, kowane kaya za a zuba shi yadda yake, a ƙara masa rabinsa.

Shinkafa: 4 da rabinta 2, ta zama 6. Yis: 1 da ½, ya zama 1½. Madalla, kun gani ba wuya.

Yanzu sukari. A nan ake tuntuɓe, ku natsu. Sukarin rabin gwangwani ne, rabinsa za a ƙara. Rabin rabi nawa ne? Kwata. Zuba sukari zuwa tsakiyar gwangwani, ki juye a faranti, ki raba shi biyu da cokali. Kowane kashi kwata ne. Ku faɗa da ƙarfi: rabin rabi kwata ne. A sake. Rabi yana da kwata biyu, an ƙara ɗaya, kwata uku ke nan: ¾.

Haba, Hajiya! Har yanzu wasu 1 suke rubutawa. Gwangwani guda na mutum 16 ne. Wadda ta ƙi yin gwajin faranti a gida, kada ta zo tana cewa lissafi ya fi ƙarfinta. Kuɗin sukari dai daga aljihunki yake fita. Rabin rabi, kwata. Rubuta shi sau biyar a allonki.

Darasi na 2

Idan mutum 4 ne kawai, a raba komai biyu: shinkafa 2, yis ½. Sukarin fa? Kun riga kun sani.

Darasi na 3

Mutum 24. A ninka komai sau uku. Ku yi a gida, ku kawo ranar Litinin.