Yadda Mai Bi Zai Fita Daga Da-na-sani Ya Kama Bege

Akwai masu bi da yawa waɗanda ba sa fashin sujada, suna cikin ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata, ana ma nuna su a matsayin abin koyi, amma da zarar dare ya tsala sai wani tsohon al'amari ya dawo ya hana su runtsawa. Wani ya taɓa cin kuɗin ikkilisiya lokacin da yake ma'aji, wata ta zubar da ciki tun tana budurwa, wani mahaifinsa ya rasu ba su shirya ba, wani kuma ya yi wasa da karatu har damar ta wuce shi. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take, gaskiya ne kuwa, sai dai karin maganar bai faɗa wa mutum abin da zai yi da nauyin da ya rage masa a ƙirji ba. Littafi Mai Tsarki ya faɗa, kuma abin da ya faɗa aiki ne da ake yi da baki da hannu da ƙafa.

Ka fara da kiran abin da sunansa. Ɗan'uwa, ka sami lokacin da babu kowa, ka ɗauki takarda, ka rubuta ainihin abin da ya faru cikin jimla ɗaya ko biyu, ba tare da ƙawata shi ko ƙara masa gishiri ba. “Na lalata rayuwata” ba suna ba ne, domin babu wanda zai iya tuba daga magana mai faɗi haka. “Na karɓi kuɗin marayun wana na kashe a kaina” suna ne, kuma akwai abin da za a iya yi a kansa. Bayan ka rubuta, ka tambayi kanka ko wane iri ne: zunubi ne da ka aikata da saninka, ko shawara ce da ka yanke da iyakar sanin da kake da shi a ranar sai ta zo da akasi, ko kuwa mugunta ce da wani ya yi maka kai kuma ka ɗora wa kanka laifinta? A ganina yawancin waɗanda suka daɗe cikin wannan ƙunci a nan suka ɓace, gama suna neman gafara a kan abin da ba zunubi ba ne, ko kuma suna neman ta'aziyya a kan abin da tuba yake bukata.

Idan zunubi ne, sai ka furta shi, ka kuma lura da inda za ka kai shi. Manzo Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu a 2 Korintiyawa 7:10, wanda yake bisa ga nufin Allah, mai kai mutum ga tuba da ceto, da kuma na duniya, mai haifar da mutuwa. A dare ɗaya almajirai biyu suka ci amanar Ubangiji. Yahuza Iskariyoti ya yi nadama ta gaske, har ya mayar da azurfa talatin ɗin, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya ba da marar laifi, amma ga manyan firistoci da shugabanni ya kai maganarsa, su kuwa suka ce masa ina ruwansu, wannan matsalarsa ce (Matiyu 27:3-5). Bitrus ya yi musun Yesu sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma bai raba kansa da sauran almajirai ba, shi ya sa yana nan lokacin da labarin tashin Almasihu ya iso, saƙon da mala'ika ya bayar a bakin kabari ma ya ambaci sunansa musamman (Markus 16:7). Nadamar Yahuza ba ta gaza ta Bitrus zafi ba, inda kowannensu ya nufa da ita ne ya raba su. Saboda haka ka durƙusa ka faɗa wa Allah abin da ka rubuta, kalma da kalma, kana riƙe da alkawarin 1 Yohanna 1:9 cewa shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta ya tsarkake. Sannan ka nemi mutum ɗaya wanda ya manyanta cikin bangaskiya, mai riƙon asiri, ko fasto ko dattijo ko uwa a zumunta, ka faɗa masa domin ya yi addu'a tare da kai, kamar yadda Yakubu 5:16 ya umarta. Mutum ɗaya ya isa. Babu bukatar tashi a tsakiyar taro a tona abin da zai jawo wa wasu kunya.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kawo sauƙi: ka mayar da abin da zai mayu. Dokar Musa ta ce wanda ya cuci maƙwabcinsa a kan ajiya ko ƙwace ko tsintuwa ya biya uwar kuɗin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar (Littafin Firistoci 6:1-5), Zakka kuwa, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da kansa ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta (Luka 19:8). Wannan biya ba ya sayen gafara, Almasihu ya riga ya biya wannan a kan gicciye, amma wanda aka gafarta wa ba ya ci gaba da noma gonar da ya ƙwace daga gwauruwa. Idan bashi ne, ka lissafa shi, ka je wurin mai shi da wani dattijo a matsayin shaida, ku tsara yadda za ka riƙa biya ko da kaɗan kaɗan ne a ƙarshen wata ko bayan girbi. Idan ƙazafi ka yi wa wani, ka koma wurin mutanen da suka ji daga bakinka ka gyara maganar. Idan gaba ce, Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24), ka kuma tafi da sanin cewa mai yiwuwa ne ya ƙi karɓarka, gama Romawa 12:18 ta ɗora maka abin da yake cikin ikonka ne kawai. In wanda ka cuta ya rasu, magadansa suna nan. In babu magaji, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce a mayar wa Ubangiji, don haka ka ba da shi ga aikin Allah ko ga mabukata. Akwai kuma lokacin da zuwa wurin mutum zai buɗe masa ciwon da ya warke ko ya rusa gidan da ya ginu, a nan kada ka yi gaban kanka, ka nemi shawarar fastonka, domin sauke nauyinka a kan wanda ka riga ka cuta ƙarin cuta ne.

Wani sakamakon ba zai janye ba ko bayan gafara, kuma gara ka san haka tun yanzu don kada ka ɗauka Allah bai ji ka ba. Annabi Natan ya shaida wa Dawuda cewa an kawar da zunubinsa a kan Batsheba da Uriya, duk da haka yaron da Batsheba ta haifa masa ya mutu a rana ta bakwai. Abin da Dawuda ya yi bayan nan shi ne abin koyi: ya tashi daga ƙasa, ya yi wanka, ya sauya tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, ya koma gida ya ci abinci, har fadawansa suka yi mamaki (2 Sama'ila 12:13-23). Ya yi azumi muddin akwai abin roƙo, da ƙofar ta rufe kuwa bai mai da kwanciya a ƙasa ta zama ibada ba.

Idan kuma abin da ka rubuta ba zunubinka ba ne, hanyar dabam ce. A watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi, bayan Gwoza da Michika sun riga sun faɗa hannunta, mutane suka watsu zuwa Yola da Jos da Kamaru. Wanda ya tsira daga irin wannan rana yakan kwana yana cewa da bai aiki yaron gona ba, da ya koma ya ɗauko tsohuwa, da sun bi ta dutse maimakon hanya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wanda ya riƙe bindiga shi ne mai laifi, kai kuwa ka yanke shawara cikin gudu da tsoro ba tare da sanin gaibu ba. Haka yake ga matar da ta kai ɗanta asibiti a makare saboda babu kuɗin mota. Yesu da kansa ya ƙi haɗa masifa da laifin wanda ta faɗa wa, a kan mutumin da aka haifa makaho (Yohanna 9:1-3) da kuma a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe (Luka 13:4-5). Abin da ya dace da irin wannan ciwo makoki ne. Ka karanta Zabura 13 da Zabura 88 da murya, ka bar su su faɗi abin da bakinka ya kasa, ka kuma zauna da waɗanda suka sha irin abin da ka sha, domin jin labarinka daga bakin wani yakan nuna maka cewa hukuncin da kake yanke wa kanka ba za ka taɓa yanke masa ba.

Sau da yawa ana karanta wa mai nadama Filibiyawa 3:13-14, inda Bulus ya ce yana mance abin da yake baya yana miƙa zuwa abin da yake gaba, sai mutum ya ga shi bai iya mancewa ba, ya ƙara karaya. Amma Bulus ɗin nan bai taɓa goge tarihinsa ba. Ya san a gabansa aka ajiye tufafin waɗanda suka jajjefi Istifanas, ya kuma rubuta wa Korintiyawa cewa bai cancanci a kira shi manzo ba domin ya tsananta wa ikkilisiyar Allah, nan take ya ƙara da cewa ta wurin alherin Allah ya zama abin da yake (1 Korintiyawa 15:9-10). Tunawa za ta zo, abin da ake so shi ne kada ta zama mai yanke maka hukuncin abin da za ka yi gobe. Ga yadda za ka gane muryar da ke magana da kai: Ruhu Mai Tsarki yana nuna takamaiman laifi da takamaiman gyara, mai ƙarar 'yan'uwa kuwa, wato Shaiɗan, yana maimaita abin da aka riga aka furta, ba ya nuna mafita. Idan irin ta biyu ce, ka amsa da Romawa 8:1, wadda ta ce babu hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, ka tuna wa kanka ranar da ka furta da wanda ya yi addu'a tare da kai, ka tashi ka kama aikin da ke gabanka. Kada ka sake neman gafara a kan abu ɗaya kowane dare kamar ba a ba ka ba.

Bege kuwa yana bukatar a sa masa hannu. A shekara ta goma ta sarautar Zadakiya, sarkin Yahuza, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi Irmiya kuma yana tsare a filin matsara, sai Allah ya ce masa ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel da ke Anatot. Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba Baruk magatakardansa takardun ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar (Irmiya 32). Birnin ya faɗi a shekarar da ta biyo baya, duk da haka sayen bai zama wauta ba, domin a kan maganar Allah aka yi shi. Ayar nan ta Irmiya 29:11 da muke so ƙwarai, inda Allah ya ce nufinsa na alheri ne, ba na masifa ba, ga 'yan bauta aka rubuta ta waɗanda aka ce za su yi shekara 70 a Babila, kuma umarnin da ya zo kafinta shi ne su gina gidaje, su dasa lambuna, su yi aure. Don haka ka zaɓi abu ɗaya wanda amfaninsa sai nan gaba, ka fara shi cikin makon nan: ka yi rajistar jarrabawar da ka bari, ka je wurin mai sana'a ka ce ya koya maka, ka shiga adashi, ka karɓi ajin makarantar Lahadi in an ba ka. Da Yesu ya sadu da Bitrus a bakin tekun Tibariya, tambaya uku ya yi masa a kan ƙauna, kowace amsa kuma ya bi ta da aiki, wato kiwon tumakinsa (Yohanna 21:15-17). Markus ma, wanda ya bar Bulus da Barnaba a Bamfiliya har rabuwa ta shiga tsakanin manyan biyu saboda shi, daga baya Bulus ya roƙi Timoti ya zo da shi domin yana da amfani a hidima (2 Timoti 4:11).

Idan ikkilisiya ta sa ka a horo, ka cika shi da tawali'u, ka koma teburin Jibin Ubangiji ranar da aka maido ka, kada ka ƙara wa kanka wa'adin da dattawa ba su sa ba. Ku kuma dattawa, Bulus ya gargaɗi Korintiyawa su gafarta wa wanda aka hora su ƙarfafa shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korintiyawa 2:6-8). Abin takaici ne a maido mutum da baki a ranar Lahadi, a ci gaba da nuna shi da yatsa shekara da shekaru.

Akwai matsayin da nadama takan zama rashin lafiya. Idan makonni sun wuce ba ka barci, ba ka cin abinci, ka kasa aiki, ko kuma tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, ka faɗa wa wani na kusa a yau ɗin nan, ka kuma ga likita. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen wannan aiki. Ka tafi tare da ɗan'uwa ko fastonka, ka faɗa wa likita gaskiyar yadda kake ji, in an rubuta maka magani ka sha shi yadda aka ce, kana ci gaba da addu'a da zumunci.