Ku buga kalmomin walat ɗinku a kan ƙarfe

Jama'a, mai ajiye Bitcoin na shekaru, ya cire kalmomi 12 ko 24 da walat ɗinsa (ma'ajin Bitcoin ɗin) ta ba shi don dawo da kuɗi daga cikin waya, ya buga su a kan ƙarfen da ba ya tsatsa.

Kalmomin nan su ne kuɗinka. In na'urar walat ɗinka, irin su Ledger ko Trezor, ta lalace, ka sayi wata, ka shigar da su, kuɗi ya dawo. In sun ɓace kuma na'ura ta mutu, babu ofishin da za ka kai kuka, ba kamar MoMo ba ne.

Takarda ba ta jure damina a Kumasi. Laima ta ci tawada, gara ta ƙarasa sauran.

Ga inda za ka rage wahala: harufa huɗu na farkon kowace kalma sun isa, domin a jerin kalmomi 2048 na BIP39, inda walat ke zaɓo kalmomin, babu biyu da suka fara da harufa huɗu iri ɗaya. Ka sa lamba a gefe, jeri ya tafi daidai.

Ka nemi farantin ƙarfe da abin buga harufa a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai a Kumasi, amma ka buga da hannunka a ɗaki. Don Allah kada ka miƙa wa maƙeri kalmomin, ko ɗan'uwanka ne.

Kafin ka tura kuɗi mai yawa, tura na sidi kaɗan, goge na'urar, ka dawo da ita daga ƙarfen.

Dabarar ba ta hana sata: duk wanda ya karanta farantin zai kwashe komai. In ka ƙara kalmar sirri ta musamman (passphrase, wadda kai ke zaɓa ka ɗora a kan kalmomin), ita sai ka rubuta ta cikakkiya, a wani wuri daban, kuma magajinka ɗaya ya san inda farantin da kalmar suke.